Ciwon kumburin hanji: Wane hoto za a ɗauka, me kuma zai nuna?

 

Kwanakin baya wata dattijuwa ta shigo kantinmu na magani a nan Legas, riƙe da baƙar leda. Ta gaishe ni, ta zazzage ledar a kan kanta. Kwalayen magani ne, wasu an shanye, wasu an sha rabi: Flagyl, ciprofloxacin, omeprazole na gyambon ciki, loperamide na tsayar da gudawa, diclofenac na kashe zafi, sai wata robar ruwa mai ɗauke da jiƙon basir.

"Likita, ki duba min wanda ya fi waɗannan ƙarfi," in ji ta.

Na ce, "Mama, ni mai haɗa magani ce, ba likita ba. Amma wa ke shan duk wannan?"

Autanta ne, saurayi ɗan shekara 23 da ke taya yayansa sayar da albasa a kasuwa. Wata tara ke nan yana fama. Yakan zaga bayi sau shida ko bakwai a rana, har cikin dare gudawar takan tashe shi daga barci. Wani lokaci da majina, wani lokaci da jini. Cikinsa na murɗa ta ƙasan cibiya, ɓangaren dama. Ya rame har wandunansa sun daina zama masa a ƙugu. Da na matsa da tambaya, sai ta sassauta murya ta ce akwai wani maruru da ya fito masa kusa da dubura, ya fashe, amma ya ƙi warkewa, kullum yana tsattsafo da ruwa.

Daga nan ta miƙo min wata takarda. Sakamakon sikanin ne da aka yi masa a wani ɗakin hoto na unguwa. Hanta lafiya, ƙoda lafiya, saifa lafiya, mafitsara lafiya, ba a ga komai ba.

"Kin gani, 'yata? Na'ura ma ta ce ba komai. Ni dai na fara zargin sammu ne."

Wannan takarda ce ta sa na zaɓi batunmu na yau. Wanda ya ɗauki hoton bai yi ƙarya ba, abin da ya duba lafiya lau yake. Sai dai hanjin yaron, inda ciwon yake, ba a dube shi ba sam. Hoton asibiti iri-iri ne, kowanne da abin da yake iya gani. Iyalin da suka san wannan ba za su ɓarnatar da kuɗi da lokaci a kan hoton da ba zai amsa tambayarsu ba.

Mene ne ciwon kumburin hanji?

Ciwo ne da garkuwar jikin mutum ke juyowa ta riƙa yaƙar hanjinsa, har bangon hanjin ya kumbura, ya yi gyambo, ya riƙa zubar da jini. Ba ƙwayar cuta ce da ake ɗauka daga wani ba, ba kuma sammu ba ne. Yakan lafa ya sake tashi, tsawon shekaru. Ya fi farawa tsakanin shekara 15 zuwa 35, wato daidai lokacin karatu da neman aure da kafa sana'a, kodayake yara da tsofaffi ma suna samun sa.

Iri biyu ne manya. Na farko shi ne gyambon babban hanji, wanda za ku ga likitoci sun rubuta shi a takarda da haruffa biyu, UC. Shi daga dubura yake farawa ya yi sama a jere ba tsallake, kuma a shimfiɗar ciki ta babban hanji kawai yake tsayawa. Babbar alamarsa gudawa da jini, da matsuwar zuwa bayi.

Na biyu shi ne ciwon Crohn. Sunan wani likita ne, Burrill Crohn, wanda shi da abokan aikinsa biyu suka bayyana ciwon a shekarar 1932 a asibitin Mount Sinai da ke birnin New York na Amurka. Shi wannan yana iya kama ko'ina daga baki har dubura, yana tsallake wani wuri ya kama wani, amma ya fi son ƙarshen ƙaramin hanji, daidai ƙasan ciki ta dama. Kuma yana ratsa kaurin bangon hanji gaba ɗaya. Shi ya sa yake iya tsuke hanji har abinci ya kasa wucewa, ko ya tara mugunya a cikin ciki, ko ya huda wata ɓarauniyar hanya daga hanji zuwa fata ko mafitsara.

Wannan bambanci shi ke tsara irin hoton da za a buƙata. Ƙaramin hanji tsawonsa ya kai kimanin mita shida a naɗe, babban hanji kuwa kimanin mita ɗaya da rabi. Babu wata na'ura guda da ke ganin duk wannan tsawo ciki da waje a lokaci ɗaya.

Kafin hoto: gwajin jini da na bahaya

A ƙasarmu gudawa da jini ba ta rasa masu kawo ta. Akwai atuni na ƙwayar amiba, akwai na bakteriya, akwai tsargiya ta hanji ga waɗanda suka yi wanka a rafi ko aikin fadama. Don haka likita zai fara da gwajin bahaya da na jini. Akwai kuma wani gwajin bahaya da ake kira kalfurotektin, wanda ke nuna ko akwai kumburi a hanji. Idan ya yi ƙasa sosai, da wuya a ce ciwon kumburin hanji ne. Idan ya yi sama, bai faɗi dalili ba, domin atuni da magungunan kashe zafi irin su diclofenac ma suna ɗaga shi, amma ya nuna akwai abin dubawa.

Abin da nake son a riƙe shi ne, taifot ba ta yin wata tara tana sa gudawa da jini. Basir kuma ba ya ramar da mutum, ba ya tashinsa da dare zuwa bayi. Gudawar da ta haura mako huɗu ta wuce maganin kemis.

Leƙen hanji da kyamara

Wannan shi ne ginshiƙin binciken, ana kiran sa kolonoskofi. Wani siririn bututu ne mai lanƙwasa, kaurinsa kamar ɗan yatsa, da fitila da kyamara a bakinsa. Ana shigar da shi ta dubura, a bi babban hanji gaba ɗaya har a leƙa ƙarshen ƙaramin hanji. Likita na ganin ja da gyambo da jini ƙuru-ƙuru a allon talabijin. Gani ya kori ji. Abin da ya fifita shi a kan sauran hotuna shi ne, ana iya gutsuro 'yan ƙananan tsoka daga bangon hanji a kai ɗakin gwaji a duba su da madubin likita. Gutsurowar ba ta da zafi.

Na san abin da ke hana mutanenmu wannan bincike: kunya. Maza da mata da dama sun gaya min gara su ci gaba da shan magani da a yi musu wannan. Ku sani ana rufe jikin mutum, wurin aikin kawai ake buɗewa, kuma yawanci ana yin allurar da ke sa gyangyaɗi da rage jin zafi. Mace na da damar tambaya tun ranar da za a sa mata lokaci ko akwai likita mace, ko a bar ma'aikaciyar jinya a tare da ita. Saboda allurar, dole a zo da ɗan rakiya, kuma ba a tuƙa mota ko babur a ranar.

Ingancin wannan bincike ya dogara ne da wankin hanji, kuma nan ne aikinmu na masu haɗa magani yake shigowa. Za a rubuta garin da ake damawa a ruwa mai yawa a sha, ya sa gudawa har hanji ya fita tas. Kwana biyu ko uku kafin ranar a ajiye wake, da ganye irin su zogale da alayyafo, da gyaɗa, da 'ya'yan itace masu ƙwaya. Jajibirin ranar sai ruwan da ake iya hango ƙasan kofi ta cikinsa: ruwa, baƙin shayi ba madara, romon da aka tace. Kunu da fura da nono ba sa ciki. Zoɓo ma a bar shi, don jansa na iya yin kama da jini a idon kyamara. Alamar cewa wankin ya yi ita ce abin da ke fita ya koma ruwa garai mai ɗan rawaya. Wanda ya sha rabi ya ajiye saboda ɗanɗano, yana iya biyan kuɗi sau biyu, domin likita ba zai ga komai ba sai an sake.

Idan ciwon ya tashi da ƙarfi sosai, ba a yin cikakken leƙen, don bangon hanji ya yi laushi yana iya hujewa. Sai a leƙa ƙarshen babban hanjin kawai a hankali.

Iyakar kolonoskofi ita ce, fuskar ciki kawai yake gani. Ba ya ganin kaurin bango, ba ya ganin mugunyar da ta taru a bayan hanji, kuma mafi yawan ƙaramin hanji bai isa gare shi ba. Nan ne sauran hotuna ke shigowa.

Sikanin na hanji

Irin na'urar da ake duba masu juna biyu ce, wadda ke aiki da sautin da kunne ba ya ji. Sikanin ɗin ciki da aka saba yi yana duba hanta da matsarmama da ƙoda da saifa da mahaifa. Na hanji daban ne. Ana canja kan na'urar zuwa mai nuna abubuwan da ke kusa da fata dalla-dalla, sannan mai aikin ya bi hanji gaɓa-gaɓa yana ɗan dannawa yana auna kaurin bangonsa. Bangon da ya haura milimita 3 abin zargi ne. Na'urar tana kuma nuna yadda jini ke kwarara a bangon, domin wurin da ya kumbura jini ya fi yawa.

Amfaninsa da yawa. Ba ya da haske mai illa, ba allura, yawanci ba a shan komai, ya fi sauran sauƙin kuɗi, ana iya maimaita shi sau da dama, kuma ya dace da yara da masu juna biyu. Rauninsa shi ne ya dogara da ƙwarewar hannun mai yi. Iska a hanji da kitsen ciki suna tare gani, kuma ƙarshen hanji da ke can cikin ƙugu yana da wuyar hangowa. Don haka idan likita ya rubuta sikanin na hanji, a tambayi ɗakin hoton ƙarara: kuna da wanda ya ƙware a duba hanji? Idan babu, a nemi wani wuri. Araha ba ta ado.

MRI na ƙaramin hanji

MRI na'ura ce mai kama da rami, da ƙaƙƙarfan maganaɗisu take aiki, ba ta amfani da hasken eksire. Ga matashi mai ciwon Crohn, wanda zai buƙaci hoto sau da yawa a rayuwarsa, ita ce zaɓin farko idan da hali. Tana nuna tsawon wurin da ciwon ya kama, da inda hanji ya tsuke, da inda mugunya ta taru. Tana kuma taimakawa wajen gane ko tsukewar ta sabon kumburi ce da magani zai iya saukarwa, ko ta tsohon tabo ce da sai tiyata. Ga irin marurun nan na kusa da dubura da ke yoyo, MRI na ƙugu ne ke zana wa likitan tiyata hanyar da ramin ya bi, don kada a yanka tsokar da ke riƙe bahaya.

An yi wani babban bincike a asibitoci takwas na Birtaniya, aka wallafa shi a 2018, inda aka yi wa marasa lafiya 284 masu ciwon Crohn MRI da sikanin na hanji duka biyu. Wajen gano cewa ciwon na ƙaramin hanji, MRI ta gano 97 cikin 100, sikanin ya gano 92 cikin 100. Wajen faɗin iyakar inda ciwon ya kai kuwa, MRI ta dace a 80 cikin 100, sikanin a 70. Wato MRI ta fi, amma sikanin a hannun gwani ba abin rainawa ba ne, musamman ga iyalin da kuɗin MRI ya fi ƙarfinsu.

Ga yadda ake yi. Za a bar cin abinci na awa huɗu zuwa shida. Kafin a shiga, za a ba mutum wani ruwa lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya sha a hankali cikin kusan awa guda, don ya buɗa hanjin. Ruwan nan yakan sa gudawa daga baya, saboda haka mai nisan gida, musamman a cunkoson Legas, ya ɗan dakata kusa da bayi kafin ya hau mota. Ana yin allurar hyoscine, wadda aka fi sani da Buscopan, don hanji ya daina motsi hoto ya fito fes. Takan sa gani ya yi dishi-dishi da bushewar baki na ɗan lokaci. Mai hawan jinin ido, da mai bugun zuciya da sauri, da dattijon da fitsari ke masa wuyar fita, su faɗa kafin a yi musu. Sannan akwai ruwan haska hoto da ake sawa ta jijiya, mai suna gadoliniyam. Ana kauce masa ga masu juna biyu, ana kuma taka-tsantsan da shi ga wanda ƙodarsa ta yi rauni sosai. Ɗaukar hoton kan ci minti 30 zuwa 45, na'urar na da ƙara, kuma za a riƙa cewa a riƙe numfashi.

Maganaɗisun nan ba ya wasa da ƙarfe. A cire 'yan kunne da awarwaro da zobe, da allurar maƙale mayafi, da ribom mai ƙarfe, da laya ko guru. A wanke kwalli da kwalliyar ido. Mai batirin zuciya, ko wanda aka taɓa sa wa ƙarfe a tiyata, ko mai aikin walda da ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa shiga idonsa, lallai ya faɗa tun kafin ya kusanci ɗakin.

Hoton CT

Shi CT da hasken eksire yake aiki, yana ɗaukar jiki yanka-yanka kamar yadda ake yanka burodi. A Landan aka fara ɗaukar mara lafiya da shi a 1971. Fifikonsa sauri, cikin 'yan mintuna an gama, kuma ya fi MRI samuwa. Idan aka kawo mutum cikin dare da matsanancin ciwon ciki da zazzaɓi da amai, ana tsoron hanji ya toshe ko ya huje ko mugunya ta taru, CT ne abin yi, kuma bai kamata a tsaya jayayya ba.

Amma yana da farashin da ba na kuɗi ba. Hasken da ke ratsa jiki a CT ɗin ciki guda ɗaya ya kai kwatankwacin abin da mutum ke samu daga ƙasa da sararin sama a kusan shekara uku. Sau ɗaya ko biyu bisa larura ba abin tayar da hankali ba ne. Amma a ce saurayi ɗan shekara 20 duk tashin ciwo sai CT, shekara da shekaru, hasken na taruwa, yana ɗan ƙara haɗarin ciwon daji nan gaba. Shi ya sa nake cewa a riƙa ajiye lissafin CT nawa aka yi, a gaya wa kowane sabon likita.

Shi ma yana da nasa ruwan haska hoto mai sinadarin aidin. Idan aka tura shi a jijiya mutum kan ji ɗumi ya ratsa shi, da ɗanɗanon ƙarfe a baki, wani ma ya ji kamar ya saki fitsari alhali bai yi ba. Wannan ba komai ba ne, yana wucewa nan take. Ana gwada lafiyar ƙoda kafin a yi. Wanda irin wannan ruwa ya taɓa sa masa ƙaiƙayi ko kumburin fuska ko sarƙewar numfashi ya faɗa. Mace kuma da ke zaton tana da ciki, ko da kwana biyu al'adarta ta yi jinkiri, ta faɗa.

Eksire, bariyam da kyamarar haɗiya

Eksire na ciki, wanda muka sani tun da, ba ya gano wannan ciwo. Amfaninsa a lokacin gaggawa ne: yana nuna toshewar hanji, da iskar da ta fita daga hanjin da ya huje, da kuma babban hanjin da ya buɗe ya kai kimanin santimita 6, alamar wani yanayi mai kisa da ke buƙatar kwanciya asibiti nan take.

Akwai tsohuwar hanya ta shan farin ruwa mai kauri kamar alli, bariyam, a riƙa ɗaukar eksire yana gangarawa. Har yanzu ana yi a inda babu CT ko MRI, kuma tana iya nuna inda hanji ya tsuke, amma ba ta ganin abin da ke bayan bango. Ba a ba da bariyam idan ana zargin hanji ya huje. Bayan an yi, a sha ruwa sosai don yana ɗaure ciki, kuma bahaya zai yi fari na kwana ɗaya ko biyu.

Sai kyamarar haɗiya, wadda aka fara amfani da ita a asibitoci a 2001. Girmanta kamar babban kafso, ana haɗiye ta da ruwa, tana ɗaukar dubban hotuna tana tura su wata 'yar na'ura da aka ɗaura a ƙugu, daga baya ta fita da bahaya. Tana ganin ƙananan gyambo a tsakiyar ƙaramin hanji da sauran hotuna kan rasa. Sai dai ba ta gutsuro tsoka, kuma tana iya maƙalewa a inda hanji ya tsuke, don haka sai an tabbatar hanya a buɗe take. Ba kowane asibiti ke da ita ba.

Tarin fuka na hanji: tagwayen da ke rikita hoto

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Najeriya na cikin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a masu yawan tarin fuka, wato tibi. Ƙwayar tibi ba huhu kaɗai take kamawa ba, tana kama hanji, kuma wurin da ta fi so shi ne ƙarshen ƙaramin hanji, daidai inda ciwon Crohn ya fi so. Ciwon ciki, rama, zazzaɓi, kaurin bangon hanji a hoto, duk suna iya zama iri ɗaya.

Haɗarin shi ne magungunansu kishiyoyin juna ne. Ciwon Crohn ana danne garkuwar jiki ne da magunguna irin su prednisolone da azathioprine da infliximab. Idan aka ba mai tibi waɗannan, an kwance wa ƙwayar ɗauri, sai ta bazu a jiki. Haka nan mai atunin amiba da aka ba prednisolone, hanjinsa na iya hujewa. Saboda haka idan likita ya ƙara da eksire na ƙirji, da gwajin tibi a kan tsokar da aka gutsuro, da gwajin ciwon hanta, ba neman kuɗi yake ba. Wani lokaci ma, idan an kasa bambancewa, akan fara ba da maganin tibi na wasu watanni sannan a sake leƙawa a ga ko gyambon ya warke. Ina roƙon masu karatu, kada wanda ya sayi prednisolone da kansa don an ce yana tsayar da gudawar jini. Zai ji sauƙi na 'yan kwanaki, ya ɓata hoton da likita ke buƙatar gani, ya kuma jefa kansa cikin haɗari.

Magungunan da za a ambata kafin ranar hoto

A kwashi duk abin da ake sha, har da na gargajiya, a nuna wa likita ko mai haɗa magani aƙalla mako guda kafin ranar. Ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe ana dakatar da ita kimanin kwana bakwai kafin kolonoskofi, don tana baƙanta bahaya ta manne a bango. Magungunan tsinka jini irin su warfarin da clopidogrel, likita ne zai ce a tsaya ko a ci gaba, kada a yanke hukunci a gida. Mai ciwon suga na buƙatar a gyara masa awon insulin ko ƙwayoyinsa a ranar da ba zai ci abinci ba. Mai shan metformin kuma ana iya cewa ya dakata na awa 48 bayan ruwan CT, musamman idan ƙodarsa ba ta da ƙarfi. Matan da ke shan ƙwayar tazarar haihuwa su sani gudawar wankin hanji na iya fitar da ita kafin ta yi aiki, sai a nemi shawarar ƙarin kariya.

Biyu daga cikin abin da ke ledar Mama sun fi tayar min da hankali. Diclofenac da ibuprofen da danginsu suna iya tayar da wannan ciwo, su ma da kansu suna yi wa hanji gyambo. Paracetamol ya fi aminci. Loperamide kuwa, idan ana gudawa da jini da zazzaɓi, yana iya tsayar da hanji ya kumbura ya buɗe. Ba a shan sa a wannan hali.

Yaushe za a garzaya asibiti?

Idan gudawar jini ta kai sau shida a rana tare da zazzaɓi ko bugun zuciya da sauri ko jiri, idan ciki ya kumbura ya yi tauri, idan ana amai ba bahaya ba tusa, wannan ba na jiran gobe ba ne.

Idan kuma ba gaggawa ba ce, a nemi takardar turawa zuwa likitan ciki da hanji. Ana samun su a manyan asibitocin koyarwa irin na Idi-Araba a Legas da na Ibadan, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. Kafin a biya kuɗin kowane hoto a yi wa likita tambaya uku: me muke nema da wannan hoton, akwai mai sauƙin kuɗi da zai amsa tambayar, kuma me zai canja a magani idan sakamako ya fito? A karɓi faifan hoton tare da rahoton, a adana su a jaka guda, domin sai an kwatanta na bana da na bara ake sanin ko magani na aiki.

Kada kuma a yi mamaki idan likita ya nemi a sake hoto alhali mutum na jin garau. A wannan ciwo jin sauƙi ba ya nufin gyambon ya warke, kumburi na iya ci gaba a ɓoye har ya bar tabo. Wanda ciwon ya kama masa yawancin babban hanji kuma, bayan kimanin shekara takwas ana fara leƙawa lokaci-lokaci don tarar ciwon daji tun bai kafu ba.

Ita Mama ban sayar mata da komai ba a ranar. Na ware diclofenac da loperamide gefe, na rubuta mata alamun yaron a takarda don kada kunya ta hana shi faɗin marurun, na ce su nemi likitan hanji. Bayan kusan wata biyu ta dawo da takardar magani. An yi kolonoskofi, an gwada tibi ba a samu ba, MRI kuma ta nuna wurin da ya tsuke a ƙarshen ƙaramin hanji da hanyar da marurun ya bi. Ciwon Crohn ne. Sai da 'yan uwa suka yi karo-karo kafin kuɗin ya haɗu, amma ta ce da suka lissafa abin da suka kashe a wata tara na kemis da jiƙe-jiƙe, bambancin ba shi da yawa. Yaron ya fara cin abinci, yana barci har asuba, kuma yana jiran ranar da likitan tiyata zai duba marurun.

Mai irin waɗannan alamu a gidansa, ya tashi ya kai shi a duba hanjin. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara mana lafiya.